Ƙwai Bakwai a Bakin Gurbi

Asabar, 9 ga Oktoba 1976, ƙarfe 6:40 na safe

Yau makona shida a Garin Jika, ƙauye mai gida arba'in da ɗaya, tafiyar yini a raƙumi daga Tanout ta hanyar Tenhya. Na sayi littafin nan a Damagaram ran da na iso ƙasar Nijar, sai yau na buɗe shi.

Don wanda zai tsince shi in na yar: sunana Sule, mutumin Zariya, shekara tara ina gyaran rubutu a gidan jarida. Na zo aikin sa kai na wata shida tare da wata ƙungiya mai koyar da manya karatu da Hausa. Da rana ina koyarwa a rumfar zana, ran Alhamis ina buga 'yar takardar labarai mai shafi biyu a keken roniyo. A nan Mushe ake ce mini, kamar kowane malamin lakwal, wato makarantar boko. Dalilin da ya sa na bar teburina a Zariya ba na wannan littafi ba ne.

Gero bai yi ba bana. Ɓeraye sun tone iri sau biyu, abin da ya tsira fara ta taɓa shi. Ba wanda ke kuka da murya. Mata na jiƙa 'ya'yan anza kwana huɗu, suna zubar da ruwan ɗacin, sannan a dafa a ci.

Maigidan da aka sauke ni, Gajere, shi ke riƙe da dawan garin, kamar ubansa kafin shi. Na tambaya ko maharbi ne, ya ji haushi. Aikinsa shi ne ya san abin da ke cikin dawa, da inda yake, da abin da za a iya ɗauka ba a ɓata ba: zuma, ƙaro, ƙwai. Ba mai taɓa ɗaya daga ciki sai ya ce.

Jiya ya ce mini, "Mushe, kai da ka karance duniya, ka taɓa ganin raƙumin dawa?"

Na ce, "A hoto, Baba."

"Hoton ya ci ganye a gabanka?"

Gobe za mu je.

Lahadi, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun tashi bayan asuba, mu biyu a raƙumi ɗaya. A rijiya ta biyu, inda gonaki suka ƙare, ya tsaya ya ba ni doka ɗaya tak.

"Daga nan baki ya mutu. Abin da ka gani ka riƙe. In mun dawo gida ka tambaya."

Ƙarfe 9:20 ya gurfanar da raƙumin, ya ɗaure masa dabaibayi, ya nuna mini wasu itatuwan ƙandili da haɓa. Na duba, na sake dubawa, itatuwa kawai. Sai ɗaya daga cikin itatuwan ya juyo da kai ya dube ni.

Su biyar ne: namiji babba mai duhun zane, mata uku, da ɗa ɗaya wanda gashin kan ƙahonsa bai kwanta ba tukuna. Launinsu bai kai na hotuna duhu ba, ya fi kusa da rairayin da suke tsaye a kai. Suna tafiya kamar raƙumi, ƙafafun gefe ɗaya tare, amma ba su da ƙorafin raƙumi. Ba gurnani, ba kuka. Abu mai tsawon soro yana wucewa, abin da kake ji kawai ƙarar reshe in ya saki. Na kalli harshen macen da ta fi kusa, baƙi, dogo, yana ratsa ƙaya yana zaɓo ganye ɗaya-ɗaya, ba ta ko runtsa ido. Minti arba'in da biyar muna kwance. Ƙarangiya ta cika mini wando, ban sani ba sai a gida.

Da suka ji iskarmu suka ruga. Gudun nasu a ido kamar a cikin ruwa ake yin sa, a hankali, amma kafin in gyara zama sun zama ɗigo biyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutumin da ya kai ni. Bai neme su ba. Ya tafi kai tsaye kamar wanda aka ba alkawari.

A gida na ce masa na karanta ƙashin wuyansu bakwai ne, daidai da na mutum.

Ya ce, "Wanda ya ƙirga, yanka ya yi. Ni ban yanka ba, ban sani ba."

Laraba, 13 ga Oktoba, ƙarfe 1:15 na rana

Zalika, matar Lawali, ta haifi tagwaye mata. Lawali ɗan baffan Gajere ne, kuma shi ne ɗalibina mafi kaifi. Inna Tabawa, yayar Gajere, ita ce ungozomar garin. Ta ce uwar ba ta da nono sosai, anza ba ta kawo nono.

Asabar, 16 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Jiminu. Zan rubuta abin yadda ya faru, bi da bi.

Mun yi arewa maso gabas, awa biyu da rabi. Muka bar raƙumi a bayan wani tudun rairayi, muka hau da rarrafe. A ƙasa, kamar taku sittin, namijin na kwance kan gurbi. Baƙi ƙirin, bakin fiffike fari fat, wuya da cinya ja-ja kamar an shafa masa jan ƙasa. Ya miƙe wuyansa a kan rairayi ya kwantar, har sai da Gajere ya taɓa ni sau biyu kafin in gane ba kututture ba ne. Can nesa macen na kiwo, launin toka. Ban taɓa ganin ido irin na tsuntsun nan ba. Da ya ɗaga kai, na ji kamar ya karanta sunana.

Sai raƙuminmu ya zame dabaibayi ya fito fili. Namijin ya tashi, ya yi gabas yana jan fiffike ɗaya kamar ya karye, don ya ja hankali daga gurbin. Gajere ya yi mini alama da tafin hannu in zauna, ya bi raƙumi.

Gurbin ya zauna a buɗe. Na ƙirga: ƙwai goma sha tara a ciki, a haɗe. Bakwai a waje, a warwatse, kamar taku biyu daga baki, rana na dukansu. Na ɗauka tashin da ya yi a firgice ne ya watsar da su. Na jira. Ba wanda ya zo. Rana na ƙara zafi.

Na sauka. Na ɗauke su ɗaya-ɗaya da hannu biyu na mayar cikin 'yan'uwansu, na jera su daidai. Kowane zai kai kilo ɗaya da rabi, santsi kamar tangaran. Na koma wurina ina jin daɗin kaina. Gajere ya dawo ta bayan tudu, ya yafuto ni mu tafi nan take, tunda tsuntsayen sun firgita. Bai sake leƙa gurbin ba.

A gida, muna shan shayi, na ce, "Baba, me ya sa wasu ƙwan ke waje?"

Ya ji daɗin tambayar. Ya ce mata uku ko huɗu ke zuba ƙwai a gurbi ɗaya, amma ɗaya ce ke kwanci, ita da namijin. Ta san iyakar abin da fiffikenta zai rufe. Abin da ya ƙaru, ita da kanta ke tura shi waje da baki.

"Na ciki nata ne, na waje namu ne. Haka muka gada. Da doguwar gora nake janyowa daga nesa, biyu-biyu, ƙafata ba ta taka bakin gurbi. Tabawa ke rabawa, masu jego kawai. Ɗaya ya fi na kaza ashirin. Talata zan ɗauko biyu, na Zalika."

"In hannu ya taɓa na ciki fa?"

"Ta tafi ke nan. Ba ta dawowa."

Na ce to. Na shanye shayina.

Lahadi, 17 ga Oktoba, da hantsi

Na kwance keken roniyo na goge na mayar. Ba abin da ya same shi.

Talata, 19 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na rana

Gajere ya fita da gorarsa tun asuba. Ya dawo da azahar, jakarsa a ninke. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi karatu, ya yi alwala. Ya daɗe yana wanke ƙafa.

Alhamis, 21 ga Oktoba, ƙarfe 5:50 na yamma

Jiminun sun bar gurbin. Gajere da kansa ya kai wa Maigari Attahir labari, yau dattawa uku suka je gani, Lawali ya bi su. Sun tarar da ƙwan duka a tsibi ɗaya, diloli sun fasa wasu, ba a san na ciki daga na waje ba, ba a san ma nawa suka ɓace ba.

A ƙofar maigari Lawali ya yi magana, ina tsaye ina ji.

"Ranka ya daɗe, gurbi ba ya haɗa kansa. Ƙafa ta shiga, hannu ya shiga. Kuma an share sawu da reshe tun daga gurbi har gindin tudu. Dila ba ya shara."

Ya tuna musu cewa a kasuwar da ta wuce wani falke na Damagaram ya yi ta tambayar ƙwan jimina. Bai ce Gajere ya sayar ba. Ya bar wa mutane su ce.

Maigari ya ce, "Gajere, kana ji."

"Dawa a hannuna take. Abin da ya faru a cikinta nawa ne."

An sa ranar zama Litinin ta sama, 1 ga wata, in liman ya dawo daga Belbeji. In aka tabbatar ya shiga gurbi, za a karɓe dawan daga gidansu.

An ce an share sawu. Ni ban share kome ba.

Juma'a, 22 ga Oktoba, bayan masallaci

A bakin rijiya yau: kurciya da yawa, hankaki biyu, zabin dawa goma sha ɗaya, da wani ƙaramin tsuntsu mai jan ciki da ban san sunansa ba. Wanda zan tambaya yana ɗaki.

Lahadi, 24 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe

Inna Tabawa ta kawo mini kunu da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin ƙofa ba a ce ta zauna ba.

"Mushe, ka rame. Abincinmu ne, ko wani abu ke cin ka?"

"Zafi ne, Inna."

"Zafi. To." Ta gyara zane. "Ƙanen nan nawa, tun yana yaro, in aka yi ɓarna ba ya cewa wane ne. An sha dukansa a banza. Uba ya riƙe dawan nan, kaka ya riƙe. Yanzu jikokinsa sun je ɗiban ruwa an ce musu jikokin mai sayar da ƙwai."

Na ce abin ba daɗi.

"Ku masu takarda, in kun yi kuskure, yaya kuke yi?"

"Muna buga gyara a fitowa ta gaba."

"Da manyan baƙaƙe?"

"Da ƙanana, Inna. A ƙasan shafi."

"Na zata," in ji ta. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Matar nan ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Da ta zauna a teburin babban editanmu, da an rage ɓarna.

Talata, 26 ga Oktoba, Tanout, ƙarfe 4:30 na yamma

Na biyo kamyon, babbar motar ƙungiya, don ɗaukar takarda da tawada. A hanya mun tayar da tuje biyu, manya, suka yi gudu mai tsawo kafin su yarda su tashi sama, kamar dattawan da aka tilasta wa sauri.

Na hau tudun da ke saman gari. Jar ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, kudu gonaki, arewa ba kome sai fili har inda ido ya gaji. Ayarin raƙuma na shigowa, Buzaye da baƙin rawani, ba mai gaggawa. Ƙasar nan ba ta ɓoye kome. Mutum ɗaya na tafiya a kilomita biyar, gari duka ya gan shi. Ina son ta fiye da yadda na yi tsammani.

Shugaban aikinmu ya ce malamin Belbeji ba shi da lafiya, in ina so a mayar da ni can ran Asabar. Na ce zan yi tunani.

Akwai wasiƙar Rakiya, matata. Yara lafiya. Ta sake yin tambayar nan: me ya sa na bar teburina.

Laraba, 27 ga Oktoba, da safe

Belbeji gari ne mai kyau, in ji direba. Akwai dispansar ta shan magani, akwai kasuwar shanu.

Alhamis, 28 ga Oktoba, ƙarfe 2:40 na rana

Mutum goma sha huɗu a rumfa. Lawali ya tsaya bayan an tashi, ya ce in duba masa. Ya rubuta sunan 'ya'yansa a allo, Hasana da Usaina, ba kuskure ko ɗaya. Wata biyu da suka wuce bai san ta inda ake riƙe alli ba.

Ya ce, "Usaina in ka ɗaga ta, Mushe, kamar ka ɗaga zane. Ba ƙin Yaya Gajere nake ba, wallahi. Shi ya koya mini hawan raƙumi. Amma ya ce Talata, muka jira Talata."

Na ce Allah ya raya su.

"Amin. Kai kana wurin ran Asabar ɗin. Ka ga wani abu?"

Na ce, "Na ga jiminu."

Ba ƙarya a cikin jimlar. Shekara tara ina koyon irin wannan jimla.

Asabar, 30 ga Oktoba, ƙarfe 4:10 na yamma

Kamyon Belbeji ya zo da safe ya tafi. Ba na gari, don Gajere ya buga mini ƙofa tun asuba.

"Tashi, Mushe. Barewa ba ka gani ba. Jibi wataƙila ba ni da ikon kai ka."

Mun same su a wani kwari mai itatuwan aduwa, goma sha biyu. Ƙanana, launin zuma, ciki fari, ƙafa kamar tsinke. Suna tsintar 'ya'yan aduwa da suka faɗo. Gajere ya taɓa gaya mini suna iya shekara ba su sha ruwa ba, raɓa da ganye sun ishe su. Wata ta ɗaga kai, ta buga ƙafa sau ɗaya, sai duka suka yi sama tare, ƙafafu huɗu a miƙe, suna tsalle kamar ƙasar ce ke cilla su. Na manta da kome na tsawon minti ɗaya. Na gode wa Allah da mintin nan.

A rijiya ta biyu muka sauka shayar da raƙumi. Nan ne baki ke dawowa. Na taka jiƙaƙƙen rairayi a bakin kwami. Ya sa sandarsa ya zagaye sawun.

"Dugadugin hagu ya cinye ta waje," in ji shi, kamar yana karanta mini jarida. "Sau bakwai ka sunkuya. Na bakwai ka ja da baya taku uku ka tsaya, ka daɗe, kana kallon aikinka. Ya yi kyau kuwa. Ban taɓa ganin ƙwai a jere haka ba."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Baba, me ya sa ka share?"

"Baƙona ne kai. Ni na kai ka, ni na hana ka tambaya, ni na bar ka kai kaɗai. Uku ke nan. Kai ɗaya ka yi."

"Za su karɓe dawan."

"Su karɓa. Lawali ya san hanya, in ya huce zai iya. Amma in suka ji Mushe ne, rumfar can ta mutu. Wa zai zauna gaban wanda ya hana mai jego ƙwai? Lawali ya kusa iya rubuta wasiƙa da hannunsa. Mu ba mu samu ba." Ya goge sawun da ƙafarsa. "Kada ka faɗa. Na hana ka."

Na karanta tarihin manyan mutane da yawa. Ba na jin akwai wanda aka rubuta yana shan ruwa a tafin hannu bayan ya faɗi irin wannan magana, yana kuma zagin raƙumi don ya taka masa igiya.

Lahadi, 31 ga Oktoba, da azahar

Liman ya dawo.

Litinin, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 5:00 na yamma

An zauna da hantsi a ƙofar maigari, maza a tabarmi, mata a bayan zana. Lawali ya maimaita maganarsa, a hankali fiye da da. Liman ya tambayi Gajere ko zai rantse bai shiga gurbin ba. Ya ce ba zai rantse ba, ba zai kuma ƙara bayani ba. Maigari ya sunkuyar da kai. Kowa ya san abin da ke biye.

Baƙo ba ya magana a irin wannan zama sai an kira shi. Na tashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni." Na faɗi ranar, da lokacin, da tashin namijin, da ƙwai bakwai. Na ce ni na ɗauka, ni na mayar, Gajere yana bin raƙumi. Na ce sawun da aka share nawa ne. Na ce Lawali ya tambaye ni ran Alhamis na kauce.

Ban dubi Gajere ba.

Sai wani tsoho mai suna Ɗanmalam, wanda ba ya ji sosai, ya ce da ƙarfi, "Me ya ce? Sata ya yi?"

Aka ce, "A'a, mayarwa ya yi."

"Mayarwa? Wa ya mayar wa?"

"Jimina."

"Ita ta ce masa ta ɓatar?"

Wani ya tuntsire da dariya, sai ta kama kowa, har liman ya rufe baki da hannun riga. Daga bayan zana na ji muryar Inna Tabawa: "Ku bar shi, bayin Allah. Tausayi ne ya yi masa yawa, sani ya yi masa kaɗan."

Lawali kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Mushe, na tambaye ka." Ya tashi ya tsaya can gefe.

Maigari ya yanke: ba sata, ba sayarwa, duk wanda ya sake faɗin haka a bakin rijiya zai zo ya maimaita a gabansa. Dawa na nan a hannun Gajere. Amma ya ɓoye wa gari abin da gari ke da hakkin sani, don haka ya nemi gafarar Lawali a gaban jama'a, kuma ba zai ƙara kai baƙo dawa ba muddin yana riƙe da ita. Ni kuwa, ƙafata ba za ta wuce rijiya ta biyu ba har in bar ƙasar.

Gajere, mai furfura, ya je gaban ƙanensa ya durƙusa. Lawali ya yi sauri ya ɗaga shi, yana cewa, "Haba Yaya, haba Yaya."

Talata, 2 ga Nuwamba, da safe

"Na hana ka," in ji shi.

"Ka hana, Baba."

Iyakar hirarmu ke nan.

Alhamis, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 2:30 na rana

Mutum biyar a rumfa. Ba Lawali. Na buga labarin zaman a takardarmu, shafin farko, da sunana.

Laraba, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Mutum takwas. Ɗanmalam ya zo, ya ce ba karatu ya kawo shi ba, ya zo ya ga mutumin ne da kyau. Ya zauna har aka tashi. Ba Lawali. An samo wa Usaina akuya mai nono daga wani Bafillace, in ji Inna.

Gajere ya soma amsa gaisuwata da cikakkiyar murya. Kullum yana fita tun asuba, yana dawowa da yamma. Ba na tambaya.

Lahadi, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Na taka har rijiya ta biyu na tsaya. Daga nan ana hango kan itatuwan ƙandili. Wani abu ya motsa a tsakaninsu, ko kuwa idona ne. Na ba Rakiya amsar tambayarta, shafi huɗu.

Alhamis, 25 ga Nuwamba, ƙarfe 4:45 na yamma

Jiya Gajere ya ce in jira shi a rijiya ta biyu da azahar. Na je tun hantsi.

Ya ɓullo daga arewa, yana jan raƙumi a hankali kamar mai rakiyar majinyaci, gorarsa a kafaɗa. Jiminun sun sake gurbi, nesa da na farko. Goma sha shida a ciki, huɗu a waje. Ya ce ya tarar da namijin ya durƙusa gaban macen, ya buɗe fiffike biyu yana karkaɗa su ɗaya bayan ɗaya, yana buga kansa a haƙarƙari hagu da dama, ita kuwa tana kiwonta ko kallo bai ishe ta ba. Ya kwaikwaya mini da hannuwansa a bakin kwami, dattijo ɗan shekara hamsin da biyar, har rawaninsa ya kwance. Wannan ne ganin da zan samu, kuma ya ishe ni.

Ya buɗe jaka, ƙwai biyu a cikin ciyawa. Ya ɗauki ɗaya, ya miƙo mini ɗaya.

"Riƙe. Ka kai wa Tabawa. Ta tsakiyar gari za mu bi."

Muka bi ta tsakiyar gari, yana gaba ina biye, ƙwan a ƙirjina da hannu biyu. Mata suka fito ƙofa. A rijiyar gari Lawali na jan guga. Mako uku bai yi mini magana ba. Ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya saki igiyar a hannun na kusa da shi.

"Yaya, shi ka ba riƙo?"

"Shi na ba."

"To bari in bi bayansa," in ji Lawali, yana goge hannu a riga, "kada ya juya ya je ya mayar mata."

Ya biyo mu har ƙofar Inna Tabawa.